Waiwaye: Yadda Jerin Rubuce-rubucen Malamanmu Ya Tsinke

Duk lokacin da masu nazarin tarihin ƙasar Hausa suka haɗu, maganar da ba ta ƙarewa ita ce ta samar da jagora guda a intanet wanda zai nuna wa ɗalibi inda kowane littafin malamanmu da aka rubuta da hannu yake, ko a Kaduna, ko Sakkwato, ko Yamai, ko Amurka. Wasu na ganin a fara da ɗaukar hoton takardun, wasu kuma na tsoron kada dukiyar kakanni ta zama ta kowa ba tare da izinin magada ba. Abin da ake yawan mantawa shi ne an taɓa fara wannan jagora tun kafin kwamfuta ta shigo, kuma ya yi nisa kafin ya tsaya.

Farkon labarin sananne ne. Tsakanin 1955 da 1958 wani ma'aikacin laburare mai suna Kensdale ya buga jerin littattafan Larabci na laburaren jami'ar Ibadan, sannan gidan adana takardun tarihi na Kaduna da gidan tarihi na Jos suka tara nasu. A Nijar Boubou Hama ya tattaro ɗimbin rubuce-rubuce waɗanda yanzu suke Yamai, a 1970 kuma malamin tarihi Abdullahi Smith ya kafa Arewa House a gidan Sardauna.

Inda ya kamata a tsaya a duba da kyau shi ne aikin shekarun 1960, lokacin da cibiyar tattara rubuce-rubucen Larabci ta Ibadan ƙarƙashin masanin tarihi John Hunwick da shirin binciken tarihin Arewa na Zariya suke aiki kafaɗa da kafaɗa. Hanyarsu ita ce a je gidan malami, a ari littafinsa da mutunci, a ɗauki hotonsa a siririn fim da ake kira maikurofim, a mayar masa da abinsa. Mai littafi bai rasa komai ba, ɗalibi kuma ya samu. Amma ɗaukar hoton rabin aiki ne kawai, domin bayan haka sai a zauna a rubuta sunan littafi da na mawallafi da inda aka samo shi, a ba shi lamba, a buga jerin a mujallar cibiyar ko a rahotannin shirin, kamar waɗanda suka fito a 1966 da 1967. Waɗannan 'yan takardu masu arha su ne jagoran haɗin gwiwa na wancan zamani. Da su mai bincike a Kano yake sanin abin da ya iso Ibadan ba tare da ya hau jirgin ƙasa ba.

Aikin yana da wuya fiye da yadda ake zato. Littafi ɗaya kamar Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana da kwafe-kwafe a wurare da yawa, kowane da lambarsa. Waƙoƙin ajami kuwa da yawansu ba su da suna a rubuce, sai da baitin farko ake gane su, mawallafi ɗaya kuma a same shi da suna da alkunya da laƙabi, kowane mai jeri ya zaɓi wanda ya sani. Sai wanda ya yi karatun zaure, ya kuma san ƙa'idar laburare, ke iya warware irin wannan, kuma irin waɗannan mutane ba su taɓa yawa ba.

Da matsin tattalin arziki ya zo a shekarun 1980, naira ta faɗi, buga jeri da aika shi ga sauran cibiyoyi ne ya fara tsayawa, tunda shi ne aikin da ba a ganin rashinsa nan take. Ba a daina tara littattafai ba, sai dai kowa ya koma yana rubuta nasa a rijistar gida da tsarin da ya ga ya dace. Na'urorin karanta fim suka tsufa, zafi da laima suka shiga cin fim ɗin kansa. A ganina a nan igiyar ta tsinke, ba a ranar da intanet ya zo ya same mu ba shiri ba.

An yi ƙoƙarin ɗinke ɓarakar daga baya. Kundin Hunwick na 1995 ya jera marubutan wannan yanki da wuraren da ayyukansu suke, masanin tarihi Charles Stewart ya gina rumbun bayanai na rubuce-rubucen Afirka ta Yamma a jami'ar Illinois, laburaren Birtaniya kuma ya fara tallafa wa ɗaukar hoton takardun da ke cikin haɗari daga 2004. Duk da haka, ɗalibar da ke neman wata waƙar Nana Asma'u a yau za ta iya samun hoton shafi a intanet ba tare da ta san ko shi ne kwafin da ke Sakkwato, ko wanda aka ɗauka a fim a Zariya shekara sittin da suka wuce ba, balle ta san gidan da aka aro shi.