Glen Hansard

Glen Hansard mawaƙi ne kuma marubucin waƙoƙi ɗan ƙasar Ayilan, an haife shi a birnin Dublin ranar 21 ga Afrilu, 1970. Shi ne jagoran ƙungiyar makaɗa ta The Frames, kuma shi da Markéta Irglová suka ci kyautar Oscar a 2008 saboda waƙar "Falling Slowly" ta cikin fim ɗin Once. A ƙasashen waje da wannan fim aka san shi. A gida kuwa tun kafin fim ɗin ya riga ya yi suna a kan dandamali, inda yake rera waƙa da dukkan ƙarfinsa har muryarsa ta kusa dushewa, ya kuma ja 'yan kallo su yi masa amshi.

Tasowa da titin Grafton

Ya tashi a Ballymun, unguwar talakawa a arewacin Dublin, wadda a lokacin take da dogayen benaye. Yana da shekara 13 ya bar makaranta, ya rataya jita ya nufi titin Grafton, titin kantuna da ke tsakiyar birnin, inda masu kiɗa kan tsaya a gefe su buɗe akwatin jita a ƙasa, masu wucewa suna jefa musu tsaba. Nan ce makarantarsa. Mai waƙa a bakin titi ba shi da makirfo, ba shi da fitilun dandamali, kuma babu wanda ya sayi tikitin zuwa kallonsa. Mutum ya fito cefane ne ko yana saurin komawa wurin aiki, sai an tsayar da shi da murya. Duk abin da aka san Hansard da shi daga baya, ɗaga murya da dukan jita da jan mutane da hira, daga wannan titi ya samo su. A nan ne kuma ya ƙulla abota da mawaƙi Mic Christopher, wanda ya rasu a 2001 bayan faɗuwar da ya yi a garin Groningen na ƙasar Holan. Rasuwar ta girgiza shi ƙwarai, kuma ya ci gaba da rera waƙoƙin abokin nasa a wurin wasa.

The Frames

Ya kafa The Frames a 1990. Sunan ya samo asali ne daga ƙarafunan kekuna da suka cika gidansu, don a lokacin yakan gyara wa mutane keke. Shekara guda bayan haka ya fito a fim ɗin The Commitments na Alan Parker a matsayin makaɗin jita, kuma a wannan shekarar ta 1991 kamfanin faifan waƙa na Island ya fitar da kundin waƙoƙinsu na farko. Bai yi kasuwa ba, kamfanin ya sallame su. Sun sake gwadawa da wani kamfanin, suka fitar da Fitzcarraldo a 1995 da Dance the Devil a 1999, sannan suka koma fitar da kayansu da kansu, farawa da For the Birds a 2001.

Duk tsawon shekarun nan da kamfanoni ke juya musu baya, wasa gaban jama'a ne ya riƙe su. Suna zagaya ƙananan wurare irin su Whelan's a Dublin, labarinsu na yaɗuwa daga baki zuwa baki. Ba abin mamaki ba ne cewa kundin da ya kai su matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin Ayilan shi ne Set List na 2003, wanda aka naɗa kai tsaye a wurin wasa na Vicar Street, har ana jin muryoyin 'yan kallo a ciki. Cikin waɗanda suka daɗe tare da shi akwai Colm Mac Con Iomaire, mai gogen Turawa, wanda gogensa ne ke sanyaya zafin muryar Hansard.

Yadda wasansa yake

Wasan Hansard yakan yi tsawo, sau da yawa ya doshi awa uku. Yakan fara waƙa a hankali, muryar can ƙasa kamar mai raɗa, sai ya riƙa hawa da ita sannu sannu har ta koma kururuwa. A wannan gaɓa idanunsa a rufe suke, jijiyoyin wuya sun tashi, ƙafa na buga katakon dandamali, hannun dama kuma na dukan jita da saurin da ido ba ya iya bi. Tsirkiya kan tsinke a tsakiyar waƙa, shi kuwa ba ya tsayawa, sai ya ƙarasa da waɗanda suka rage.

Abin da masu kallonsa suka fi ba da labari shi ne lokacin da yake barin makirfo. Sai ya zare wayar jita, ya tako har bakin dandamali, ya rera "Say It to Me Now" da muryarsa zalla ba lasifika. Zaure mai ɗaukar dubban mutane sai ya yi tsit, na can baya su miƙa wuya, don duk wanda ya yi tari zai rasa baiti. Wannan dabara ce ta ɗan titi, kuma tana nuna inda ƙarfinsa yake, wato iya sa taro ya saurara.

Tsakanin waƙa da waƙa kuma akwai hira. Yakan ba da labarin yadda waƙa ta samu, ko na wani maƙwabci a Ballymun, ko na wani da ya haɗu da shi a hanya, labarin ya yi ta reshe har a manta da waƙar da aka nufa. Yakan raba wa zaure amshi, ɓangaren hagu su riƙe wannan, na dama su riƙe wancan. Yakan saƙa baitin wani mawaƙi, musamman Van Morrison, a tsakiyar tasa waƙar. Wani lokaci ya kira wani daga cikin 'yan kallo, ko mai waƙar titi da ya gani da rana a garin, ya miƙa masa makirfo. Sau da yawa yakan rufe taro da tsohuwar waƙar Dublin "The Auld Triangle", wadda ta shahara ta hanyar wasan kwaikwayon Brendan Behan na 1954 kan rayuwar kurkukun Mountjoy. Makaɗa da masu aikin bayan fage duk su jeru, kowa ya ɗauki baiti ɗaya, jama'a na amshi.

Ba kowa wannan salo yake burgewa ba. Mai son a yi waƙa a taƙaice a tashi zai ga hirar ta yi yawa, kuma idan kusan kowace waƙa sai ta ƙare da kururuwa, kururuwar kan rage kaifi. Gaskiyar magana dai, faifansa bai taɓa kamo wasansa ba. Wanda ya san shi ta rediyo kawai, rabin mawaƙin ya sani.

Jitarsa

Jitar da aka fi saninsa da ita ƙirar Takamine ce, wadda yake kira "The Horse", wato doki. Shekaru na duka sun cinye katakon fuskarta har ya huje, ana hango sandunan da ke tallafe da ita daga ciki. Da ita ya fito a fim ɗin Once, da ita kuma ya hau dandamalin Oscar.

Once

John Carney, wanda ya taɓa kaɗa wa The Frames jitar bas, shi ya rubuta fim ɗin ya kuma ba da umarni. Da farko Cillian Murphy aka so ya fito a matsayin jarumi, Hansard kuma ya rubuta waƙoƙi kawai. Da hakan bai yiwu ba, Carney ya lallashe shi ya fito da kansa, tare da Irglová, makaɗiyar fiyano 'yar Jamhuriyar Cek da aka haifa a 1988. Labarin na wani mai waƙar titi ne a Dublin da ke gyaran injin shara, don haka Hansard kusan rayuwarsa ya maimaita. An ɗauki fim ɗin da kuɗi kaɗan cikin ƙasa da mako uku, wasu wuraren daga nesa, masu wucewa ba su ma san fim ake yi ba.

Fim ɗin ya ci kyautar 'yan kallo a bikin fina-finai na Sundance na 2007. A daren Oscar na Fabrairun 2008, bayan Hansard ya yi godiya sai aka saki kiɗa kafin Irglová ta buɗe baki. Mai gabatarwa Jon Stewart ya dawo da ita dandamali ta yi nata jawabin, abin da ba a saba gani ba. Su biyun sun zagaya duniya da sunan The Swell Season, suka fitar da Strict Joy a 2009. An mai da Once wasan dandamali a Broadway, cibiyar wasan kwaikwayo ta birnin New York, ya ci kyautar Tony takwas a 2012.

Daga 2012 ya fara fitar da kundi da sunansa shi kaɗai, na farko Rhythm and Repose. Na biyu, Didn't He Ramble na 2015, ya shiga takarar kyautar waƙa ta Grammy. Ya kuma sha yin rangadi tare da Eddie Vedder na ƙungiyar Pearl Jam.

Komawa titi

Shahara ba ta raba shi da bakin titi ba. Shekaru da dama yana jagorantar waƙar jajibirin Kirsimeti a yankin titin Grafton don tara wa ƙungiyar Simon Community kuɗin taimakon marasa matsuguni, inda manyan mawaƙa irin su Bono da Hozier da Damien Rice kan tsaya cikin sanyi su yi waƙa kyauta. A Disambar 2016 yana cikin 'yan gangamin Home Sweet Home da suka mamaye Apollo House, wani benen ofisoshi da a lokacin yake zaune ba kowa a tsakiyar Dublin, suka mai da shi makwancin masu kwana a titi. Kotu ta ba da umarnin a tashi, aka bar ginin a Janairun 2017.

A Disambar 2023, wajen jana'izar mawaƙi Shane MacGowan a garin Nenagh, Hansard da Lisa O'Neill suka rera "Fairytale of New York" a cikin coci, har wasu daga dangin mamacin suka miƙe suna rawa.