Ku daina zubar da dakashi, idon bakwaini na bukatarsa

Matan Mai Wurno, Sinnar da ƙauyukan bakin kogi a nan Sudan, da ku nake, musamman kakanni. Abu ɗaya nake ta gani a asibitin da nake aiki har ya ishe ni. A haifi bakwaini, a sa shi a kwalba, sai a kwashe uwa a kai gida wankan jego. Nono ya kawo, kaka ta leƙa ta ce, "Ai wannan rawaya ne, bai da kyau, matse ki zubar sai fari ya zo." Haba Inna! Abin da jikanki ya fi bukata kike sa a zubar a ƙasa?

Wannan rawayar ba lalacewa ba ce. Sinadarai ne da ake kira karotinoyid, irin waɗanda ke ba karas da kabewa launi. Ɗaya daga cikinsu, lutin, can cikin ido yake taruwa, wurin da gani yake. Jiki ba ya yin su da kansa, daga abincin uwa suke zuwa, kuma dakashi ya fi nonon baya yawansu. Shi kuwa bakwaini ya fito tun jijiyoyin jinin idonsa ba su gama tsirowa ba. Suna iya tsirowa a karkace, su ja fatar cikin ido har yaro ya makance. Masu bincike sun lura cewa bakwainin da ke samun nonon uwa ba su cika kamuwa da mai tsananin wannan cuta ba.

Na san ƙauna ce ke sa ku. Na ga kakar da ta kwana a zaune a bakin ɗakin jarirai, carbi a hannu, ta ƙi ko da shayi. Amma ita ce dai ta hana 'yarta tatsa, ta sayo madarar gwangwani da kuɗin da ba ta da su, a wannan hali na yaƙi da muke ciki tun 2023, ga tsada ga ruwan da ba a amince da shi ba. Me ya yi zafi? Kada a zubar da dakashi. Ko ɗigo uku ne a cikin cokali, kawo mana, mun san yadda za mu ba shi.

Ke mai jego, fara tatsa tun ranar haihuwa, kamar sau 8 a kwana, har da dare. Wanke hannu da sabulu, tatsa a kofi mai tsabta da murfi, a kai asibiti nan take, zafin garin nan ba ya jira. Asida da shayi kaɗai ba su isa ba: ci miyar lalo, zogale, alayyafo, kabewa, gwaiduwar ƙwai, mangwaro idan lokacinsa ne. Shi kuma jariri, ban da ruwan sukari, ban da jiƙo, ban da ɗiga nono a ido.

Kuma nono bai ɗauke muku zuwa wurin likitan ido ba. Jaririn da bai kai kilo 1.5 ba, ko aka haifa kafin wata bakwai ya cika, ko ya daɗe a kan iskar oksijin, a duba idonsa wajen mako 4 da haihuwa. Daga waje ba a ganin komai, ido garau, sai an ɗiga magani an leƙa ciki. Idan an kama da wuri akwai aikin leza, wato magani da haske mai ƙarfi, ko allura, kuma cikin 'yan kwanaki ake yi. Maigida, ranar da aka rubuta a kati, ko ta faɗo ranar kasuwa, kai ne za ka nemo mota.