Tambayoyin da Ake Ta Yi Mini Kan Zanen Wurin Tonon Kayan Tarihi a Pompeii, Tsohon Garin Romawa a Italiya

Ga kyamara, me ya sa har yanzu ake zane da hannu?

Domin kyamara ba ta da hankali. Duk abin da ke gabanta take kwasa, har inuwa da ƙura. Mai zane ne zai tsuguna ya ce nan tokar aman wutar da ta binne garin ta ƙare, nan daɓen ɗaki ya fara. Duka biyun ake yi, kuma kada in ƙara ganin hoto babu sandar awo a ciki.

Ni ban iya zane ba fa.

Kwantar da hankalinka. Fensir, igiya, tef ɗin awo, sai haƙuri. Yawanci santimita 1 a takarda tana tsayawa a madadin 20 a ƙasa. Ba kyau ake nema ba.

Me lambobi irin VI.15.1 suke nufi?

Adireshi ne: shiyya, rukunin gidaje, ƙofa. Wannan na wani sanannen gida ne da ake kira gidan Vettii. Tsarin Giuseppe Fiorelli ne, masanin tonon kayan tarihi ɗan Italiya, mutumin da a 1863 ya zuba filasta cikin ramukan da gawarwaki suka bari a toka. Garin shiyya tara ne. Haddace.

Ga bango a gabana, na kasa gane ginin asali da gyara. Ya zan zana shi?

To, wannan ita ce tambaya. Bango ɗaya a Pompeii ya ga hannaye da yawa. Girgizar ƙasa ta fasa shi wajen shekara ta 62 miladiyya, Romawa suka liƙe. Dutsen Vesuvius ya yi aman wuta ya binne shi a 79. Tun 1748 ake tono ana gyare-gyare, sannan bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu a 1943 suka rushe wasu gidaje aka sake tayar da su.

Fara duba abin da aka ɗaure duwatsun da shi. Siminti mai ruwan toka na zamani ne, wannan mai sauƙi ne. Amma magina da yawa sun tsinci tsofaffin duwatsun da suka zube a wurin suka mayar, to a nan ido kaɗai zai iya yaudararka. A wasu bangayen za ka ga siririn layin gutsuren tayil da mai gyara ya jera don nuna inda aikinsa ya fara, sai dai ba kowa ya yi wannan kirkin ba. Nemi tsofaffin hotuna. Akwai kuma ƙaramin samfurin garin a gidan tarihi na birnin Napoli, wanda aka fara a 1861, yana nuna zanen bangon da rana da ruwa suka riga suka cinye, ko da yake bai ƙunshi abin da aka tono daga baya ba.

In duk da haka kana kokwanto, ja layin da ɗigo-ɗigo, ka rubuta dalilinka a gefe. Ni na fi yarda da takarda mai alamar tambaya uku a kan wadda aka share tas.

Na tsinci kwabo a ƙasa. In ɗauke, in rubuta da yamma?

Kul! Da yamma za ka tuna shimfiɗar ƙasar da ya fito? Hoto, awo, lamba, sannan hannu.