Kafin a shiga da jaririnku ɗakin tiyata

Iyaye in an ce za a yi wa jariri aiki, ko na gwaiwa ne ko na tsagewar leɓe, wuƙar likita suke tsoro. Mu kuwa ma'aikatan ɓangaren sa barci hankalinmu ya fi tashi a mintunan farko, lokacin da yaro ya yi barci za a zura masa robar numfashi a maƙogwaro. Jariri harshensa ya cika masa ɗan bakin, maƙogwaron na can sama, ga jikinsa na shan oksijin kusan ninki biyu na babba in aka duba nauyi, shi ya sa in an daɗe ana lalube nan da nan iskar jininsa ke faɗuwa. So ake robar ta shiga a karon farko.

Abin da aka saba leƙa maƙogwaron da shi don zura robar wani ƙarfe ne mai ƴar fitila, irin miƙaƙƙen nan na Miller da ake amfani da shi tun 1941, likita ya sunkuya ya leƙa shi kaɗai. Yanzu akwai masu kyamara a baki, hoton ya fito a allo kowa na gani har mai taimako da ɗalibi. Akwai GlideScope da ya fito daga Kanada a 2001, akwai C-MAC na Jamus, akwai McGrath. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2020 kan jarirai sama da 500 a Amurka da Ostireliya ya nuna kashi 93 cikin 100 sun samu a karon farko da mai kyamara, da tsohon ƙarfen kuma 88.

Toh amma masu kyamarar ma ba ɗaya suke ba fa. Mai lanƙwasa sosai zai nuna maka ƙofar maƙogwaro tar kamar a talabijin, sai kuma robar ta ƙi bin kwanar, kana gani kana gumi. A ƙananan jarirai ni dai na fi yarda da mai baki irin na Miller, don hannu ya riga ya san shi, in kyamara ta yi hazo ko majina ta rufe ta sai ka leƙa kai tsaye.

A nan Kano ba kowane ɗakin tiyata ke da su ba, tsada ne da su ga batun caji da samun bakin da ya yi daidai da jariri. Wannan kar ya ɗaga muku hankali, ƙwararren hannu da tsohon ƙarfe yana aiki lafiya lau, kuma ba laifi bane ki tambayi likitan sa barci ko ya saba da jarirai.

Naku aikin kuma dan Allah Maman yaro a faɗi gaskiya. In yana mura ko tari ko minshari, ko an haife shi bakwaini, a faɗa. Nono a tsayar awa 4 kafin aiki, madarar gwangwani da koko awa 6, sai dai in likitanku ya ba ku wani lokaci daban. Kaka in ta ji tausayin kukansa ta ɗura masa wani abu a ɓoye, ko rubutu ne, ku sanar da mu kafin a shiga, don in ya yi amai cikin barci huhu yake tafiya. Ɗaga aikin kawai za a yi zuwa wasu awanni.