Waiwaye: Yadda ƙorafin mata a wuraren aiki ya maƙale cikin fayil

Duk lokacin da aka bankaɗo wani shugaba ko malami yana matsa wa wadda ke ƙarƙashinsa lamba don neman lalata, abin da jama'a ke fara tambaya shi ne me ya hana ta magana tun da wuri. Tambayar ta daɗe, kuma ta samu gindin zama a doka.

An san manyan matakan. A 1986 Kotun Ƙolin Amurka ta amince cewa irin wannan cin zarafi wariyar jinsi ne. A 2017 gangamin #MeToo, inda mata suka riƙa bayyana cin zarafin da aka yi musu, ya karaɗe duniya, a 2019 kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 kan kawar da cin zarafi da tsangwama a wuraren aiki.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne 1998. A watan Yunin shekarar, kotun ta yanke hukunci biyu: idan ba a kori ma'aikaciya ko rage mata muƙami ba, ma'aikatar da take aiki za ta iya kuɓuta daga ɗaukar alhaki muddin ta nuna ta ɗauki matakan hana abin da gyara shi, kuma ma'aikaciyar ba ta bi hanyar ƙorafin da aka tanada ba babu dalili mai ƙarfi. Manufar ita ce a zaburar da rigakafi. Sai dai wurare da dama sun ɗauki takardar suka bar manufar: a rubuta ƙa'ida, a yi bita, kowa ya sa hannu.

A aikace nan gizo ke saƙa. Ƙorafi yakan bi ta teburin wanda ake zargi ko abokinsa. Wanda ake zargin ne ke riƙe da ƙarin girma, makin jarrabawa da takardar shaida. Idan macen ta yi shiru don tsoron ramuwa, shirun ya zama hujja a kanta. Ga wa'adin kai ƙorafi ga hukuma kuma: a Amurka kwana 180 ne, ko 300 a wasu jihohi.

Dokar Indiya ta 2013 ta taɓa tushen matsalar. Duk wurin da ke da ma'aikata 10 ko fiye sai ya kafa kwamitin karɓar ƙorafi ƙarƙashin mace, aƙalla rabin mambobi mata, da mutum ɗaya daga waje, a kammala bincike cikin kwana 90. Wannan na wajen shi ne mafi muhimmanci, domin albashinsa ba ya hannun shugaban.