Daga Ɗakin Gwaje-gwaje Zuwa Kasuwa: Me Jami'o'i Ke Koya wa Ɗalibai?

Me ake koyarwa a shirye-shiryen jami'o'i na kai ƙirƙira kasuwa?

Ƙirƙira daban, sayarwa daban. Ɗalibin injiniya zai shekara uku yana ƙera na'ura, ya karɓi digirinsa, na'urar kuma ta ƙare a kan kanta tana shan ƙura. Shirin yana koya masa abin da aka tsallake: wa zai saya, nawa za a kashe a ƙera guda dubu maimakon guda ɗaya, yadda ake rajistar mallakar ƙirƙira, da yadda zai yi wa mai zuba jari bayani cikin minti biyar ba tare da ya nutsar da shi cikin lissafi ba.

Wannan ba aikin 'yan kasuwa ba ne? Me ya kai jami'a ciki?

Doka ce ta buɗe ƙofar. Kafin 1980, gwamnatin Amurka ce galibi ke riƙe da mallakar duk abin da aka ƙirƙira da kuɗinta. Ta tara takardun mallaka kimanin 28,000, amma waɗanda aka bai wa kamfanoni lasisin amfani da su ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba. Dokar Bayh-Dole ta 1980 ta bar wa jami'o'i mallakar, da sharaɗin su nemi mai aiki da ita kuma su raba ribar da wanda ya ƙirƙira. Ƙasashe da dama sun kwaikwayi tsarin. To tunda kaya sun dawo hannun jami'a, dole ta horar da masu kai su kasuwa.

Yaya darasin yake a aikace?

Nan ne abin ya fi armashi. A shirin I-Corps, wanda hukumar kimiyya ta Amurka, NSF, ta fara a 2011, ana haɗa mutum uku: ɗalibi ko matashin mai bincike, malamin da ya san fasahar, da wani gogaggen ɗan kasuwa. Cikin mako bakwai sai sun tattauna da aƙalla mutum 100 da suke zaton su ne masu saye. Ba talla aka aike su ba, sauraro aka aike su.

A ce ɗaliba ta ƙera na'urar da ke yin ƙara idan firjin ajiye allurar rigakafi ya fara ɗumi. Ta je asibiti, ma'aikaciyar jinya ta yaba, har ta ce da ma sun samu tun bara. Sai ta shiga ofishin mai sayo kayan asibitin, ya juya na'urar a hannunsa ya tambaye ta: idan ta lalace wa zai gyara, kuma hukuma ta amince da ita? Ba ta da amsa ko ɗaya. A ranar ta gane cewa mai amfani da kaya daban, mai sa hannu a biya kuɗi daban. Babu allon ajin da zai koya mata wannan yadda ofishin nan ya koya mata. Wasu ma sukan dawo su ce babu mai buƙatar abin nasu kwata-kwata, kuma a ganina wannan ba faɗuwa ba ce: gara a sani a mako na bakwai da a sani bayan shekara biyar.

Wane kuskure ɗalibai suka fi yi?

Saurin baki. Mutum ya wallafa bincikensa ko ya baje shi a taro kafin ya shigar da takardar neman mallaka. A Turai, da zarar abu ya fita fili ya daina zama sabo a idon doka. Amurka tana ɗaga ƙafa na shekara ɗaya. Kariyar kanta shekara 20 ce daga ranar shigar da takarda.

Jami'a tana samun kuɗi da wannan?

Wani lokaci, sosai. Jami'ar Stanford ce ta riƙe mallakar PageRank, dabarar jera sakamakon bincike a intanet da Larry Page ya samar yana ɗalibi, wadda aka gina Google a kanta. A 2005 ta sayar da hannun jarin Google da ta karɓa a madadin lasisin dabarar kan dala miliyan 336. Gatorade ma, abin shan 'yan wasa, a Jami'ar Florida aka haɗa shi a 1965. Amma irin waɗannan ba su da yawa, shi ya sa kullum su ake ambata. Ofisoshin lasisi na jami'o'i da yawa ba sa ma mayar da abin da ake kashewa a kansu. Wanda ya tallafa don ya ga riba baɗi zai sha mamaki.

To wane tallafi ne ke da amfani?

Kuɗin tsaka-tsaki shi ne kan gaba. Akwai lokacin da kuɗin bincike ya ƙare, mai zuba jari kuma bai ga abin da zai taɓa ba tukuna. Masu harkar na kiran wurin kwarin mutuwa. Ɗan abin da zai isa a ƙera samfurin gwaji da biyan lauyan rajista yakan tsallakar da mutum. Na biyu shi ne lokacin da waɗanda suka taɓa kafa kamfani za su ba ɗalibai, musamman waɗanda nasu ya taɓa durƙushewa. Sai kuma rubutacciyar ƙa'ida tun ranar farko: nawa ne rabon ɗalibi, nawa na malami, nawa na jami'a. Idan jami'a ta ƙwallafa rai ta ɗebi kaso mai tsoka a sabon kamfani, mai zuba jari zai duba takardar, ya ga waɗanda za su yi wahalar ba su da abin kirki a ciki, ya tattara jakarsa.