Hoton asibiti wajen gano bazuwar sankara zuwa ƙashi

Bazuwar sankara zuwa ƙashi ita ce ƙwayoyin ciwon daji su baro inda suka fara, su bi jini, su yada zango a cikin ƙashi. Wannan daban yake da sankarar da ta samo asali daga ƙashin kansa, wadda ba ta da yawa a tsakanin manya. Sankarar mama da ta furostet, wato 'yar ƙwayar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, su ne kan gaba wajen kai wa ƙashi hari, sai ta huhu, da ta ƙoda, da ta tayirod da ke maƙogwaro. Sun fi sauka a inda jan ɓargo yake: ƙashin baya, ƙugu, haƙarƙari, ƙoƙon kai, da saman cinya da na dantse. Tun a 1889 likitan Ingila Stephen Paget ya kwatanta lamarin da iri da ƙasar noma, cewa ba ko'ina iri ke tsirowa ba. A 1940 kuma Oscar Batson ya bayyana jijiyoyin jinin da ke kewaye da ƙashin baya, waɗanda ba su da makarin da ke hana jini komawa, abin da ya sa sankarar furostet ke saurin isa can.

Idan ta sauka, ko dai ta riƙa cinye ƙashin yana rarakewa kamar itacen da gara ta shiga, ko ta sa shi yin sabon ƙashi mai tauri amma mara ƙwari. Ta ƙoda da ta tayirod sun fi rarakewa, ta furostet ta fi taurarawa, ta mama takan haɗa biyun. Wannan bambancin yana da hannu a irin hoton da zai iya kama ta.

Hoton eksire, wanda ya samo asali daga binciken Wilhelm Röntgen a 1895, shi ne mafi araha kuma shi aka fi fara yi. Matsalarsa ita ce ba ya nuna ɓarna sai ƙashi ya yi asarar kamar kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na ma'adaninsa. A hoton ƙashin baya da aka ɗauka ta gaba, kowace gaɓa tana kama da fuskar mujiya mai ido biyu. Idan sankara ta cinye gefe ɗaya sai ido ɗaya ya ɓace, likitocin hoto suna kiran wannan "mujiya mai kashe ido". Kafin a ga haka, ciwon ya jima yana aiki. A nan ne ake yawan yin asara. A Jos, inda sanyin hunturu ke ratsa jiki, macen da aka yi wa aikin mama shekara biyu da suka wuce za ta fara ciwon baya mai tashinta cikin dare, wanda kwanciya ba ta rage shi. 'Yan gida su ce sanyin ƙashi ne, a sayo maganin zogi a kemis, a shafa man zafi. In an je asibiti aka yi eksire aka ce ba a ga komai ba, sai kowa ya saki jiki. Ga mai tarihin sankara, wannan "ba a ga komai ba" bai isa hujja ba ko kaɗan.

Sikanin ƙashi na nukiliya ya fi eksire saurin gani, sau da yawa da watanni, kuma yana duba jiki gaba ɗaya daga kai har ƙafa. Ana yi wa majiyyaci allura a jijiya da wani sinadari mai ɗauke da teknishiyam-99m mai fitar da tururin radiyeshan, wanda aka fara amfani da shi a hoton ƙashi a farkon shekarun 1970. Sai ya jira awa biyu zuwa huɗu, yana shan ruwa da yawa yana fitsari, domin abin da ƙashi bai zuƙe ba ya fita. Daga nan ya kwanta, kyamarar gama, mai kama tururin da sinadarin ke fitarwa, ta bi ta kansa a hankali. Duk wurin da ƙashi ke ƙoƙarin gyara kansa zai fito da baƙin tabo a jikin hoton ƙwarangwal. Sai dai tsohuwar karaya, da amosanin gaɓɓai, da ciwon da ƙwayoyin cuta suka haddasa, duk suna iya yin tabo iri ɗaya, haka nan sankarar da ke rarakewa zalla, kamar miyeloma ta ɓargo, takan kuɓuce masa. Rabin ƙarfin teknishiyam yana tafiya cikin awa 6, kuma daga molibdinam-99 ake tatso shi, wanda nasa rabin ke tafiya cikin awa 66. Daga waje ake shigo da shi Najeriya, shi ya sa ake tara marasa lafiya a ba su rana ɗaya idan kaya sun iso. Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja da Asibitin Koyarwa na Ibadan su ne suka fara buɗe sashen wannan aiki da tallafin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya.

CT, wanda Godfrey Hounsfield ya fara gwadawa a kan majiyyaci a 1971, yana yanka hoton jiki falle-falle. Ya fi kowanne nuna yadda ɓawon ƙashi ya lalace, da ko ya kusa karyewa, kuma da shi ake saita allura idan za a ciro tsoka a kai ɗakin gwaji.

MRI kuwa ɓargon yake gani, inda sankara ke fara sauka kafin ta taɓa ɓawo. Maganaɗisu ne ke aiki a cikinsa, babu tururin radiyeshan. Majiyyaci yana kwanciya cikin wani kwaroro mai ƙara kamar ana buga ƙarfe, na rabin awa ko fiye, ba motsi, kuma wanda aka dasa wa na'urar bugun zuciya ko ƙarfe a jiki dole ya faɗa tun kafin ya shiga. Babban amfaninsa shi ne gano ƙarin da ke danne laka. Mai sankara da ƙafafunsa suka fara nauyi, ko ya ji sun yi sanyi kamar ba nasa ba, ko fitsari ya riƙe ko ya riƙa zuba ba da saninsa ba, yana buƙatar MRI a ranar, ba mako mai zuwa ba. Wanda aka fara yi wa magani tun yana takawa da ƙafarsa yakan ci gaba da takawa. Wanda ya riga ya kwanta, da wuya ƙafafun su dawo. Kai irin wannan majiyyaci wurin maɗori ko mai tausa yana iya ƙarasa ƙashin da ya rage.

PET da aka haɗa da CT yana bin sawun yadda ƙwayoyin sankara ke shan sukari fiye da sauran jiki, ta hanyar sukari mai ɗauke da fulorin-18. Rabin ƙarfinsa yana tafiya cikin minti 110 kacal, don haka sai an sarrafa shi kusa da inda za a yi hoton. Na'urar kaɗan ce ƙwarai a ƙasar nan, kuma tsadarta ta fi ƙarfin talaka.

A wannan yanki akwai cututtuka biyu da kan rikita mai karanta hoto: tarin fuka na ƙashin baya, da sikila wadda ke barin tabo a ɓargo. Tarin fuka yakan ci faifan da ke tsakanin gaɓɓan baya ya tara mugunya a gefe, sankara kuwa takan bar faifan lafiya. Idan hoto bai raba gardama ba, gwajin tsoka ne ke yanke hukunci.

Gano bazuwar da wuri ba kasafai yake kawo warkewa gaba ɗaya ba, amma yana buɗe ƙofar gashin radiyeshan mai kwantar da zogi, da allurar ƙarfafa ƙashi irin su zoledronik asid da denosumab, da sa ƙarfe a cinya kafin ta karye. Majiyyacin da aka tura daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos zuwa Abuja, ta Akwanga da Keffi, ya kamata ya tafi da tsofaffin hotunansa duka da sakamakon gwajin tsoka, domin sai an ajiye sabon hoto kusa da tsoho ake gane tabon da ya girma da wanda ya daɗe a wurin.